Duwatsun Murhu a Tsetserleg

Shekara goma sha huɗu ina ƙirgen dabbobin mutane
a ofishin kiwo na Tsetserleg, ɗakin ƙarshe, inda bututun ɗumi ke tari.
Tumaki kaza, dawaki kaza, raƙuma masu tozo biyu kaza.
Shekarar da ƙanƙara ta danne ciyawa ruf
ni na jera mushe a takarda, layi bayan layi,
tawada na daskarewa, ina hura mata numfashi.
Rahoto ya tafi Ulaanbaatar da sunan Gombojav a gindinsa.
Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ranar sa hannu su uku suka zo:
hukumar ma'aikata da hatiminta,
ƙungiyar mata da jaka mai tsinkakken hannu,
jami'a ta turo wani siririn malami mai mura.
Ni aka ce in zuba shayi,
na madara da gishiri, kofi goma sha ɗaya.
Na zuba shayi, na ce a raina: an sha yi.
Yaushe takarda ta taɓa goya mutum zuwa bene?

Sai ga aji an buɗe, ƙarfe shida, bayan tashi.
Ƙungiya ta kama ɗaki a gefe, da mai reno, da 'yan katifu,
can Temuulen ɗana yake barci da takalmi a ƙafa.
Hukuma abu ɗaya ta yi,
ta liƙa guraben ƙarin girma a bango, kowa ya karanta,
ba a ƙara raba su da raɗa a bakin kwalba ba.

Aka haɗa ni da Badamkhand,
tsohuwar mai binciken kuɗi, haƙoran azurfa biyu,
ba ta san sannu ba.
Ta bi rahotona da jan biro har ƙasa.
"Wa ya rubuta?"
Ni.
"To ina kike a ciki?"
Na tafi gida ina jin haushinta har cikin safa.

Kada in shafa wa labari zuma.
Wata biyu suka yi suna ja-in-ja
kan tambarin wa zai hau sama a allon ƙofa.
Kuɗin reno ya yanke a tsakiyar sanyi,
mu muka yi karo-karo, har da mai shara.
Mu goma sha shida muka fara, tara muka kai gaci.
Ariunzul, wadda ta fi mu kai,
ta koma tanti jinyar mahaifinta, ba yarjejeniyar da ta bi ta can.
Ni ma jarrabawar farko ta kayar da ni da maki uku.
Badamkhand ta ce, "Uku? Na ɗauka talatin ne. Zauna."

Kakata takan ce tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya,
a kan biyu ma sai ta karkace ta kashe wutar.
Ba don duwatsun na son juna ba ne,
kowanne dai ya tsaya inda aka ajiye shi.

Yanzu ina hawa na biyu.
Kujerar ta yi mini tsawo, don dogon namiji aka saye ta,
na tara tsofaffin fom ina taka su.
Gombojav har yau "ƙanwata" yake ce mini,
amma yakan ƙwanƙwasa kafin ya shigo.

Jiya wata sabuwa, Khulan, ta shigo da shayi ba wanda ya aike ta.
Na karɓa, don akwai sanyi.
Na ce ta kawo ƙidayar awakin da ta kwana tana yi.
Ta kawo, ta tsaya tana murza yatsu.
Lissafi daidai, ko ɗaya bai ɓace ba.
Na juya shafin ƙarshe.
Na laluba aljihu, ashe jan biron na gida.