Turke na Sha Bakwai

Ƙarfe uku na dare famfo ya yi kaki,
na fito da jarka biyu, kamar kowa a Birni.
Ina jiran ɗigo ya zama zare
sai ga wata zaune bisa duwatsu,
ɗan kwana sha huɗu, ba ɓalli ko ɗaya.
Na ce: yanzu haka teku ya cika a Kwatano,
Malama Gaptiya kuwa ba ta can ta auna shi.

'Yar Damagaram ce, inda ake sayen ruwa a kura.
Ranar da ta gaya wa tsohuwarta abin da take karatu,
tsohuwa ta aje ludayi ta ce:
"Ruwan da ba ya dafa wake, ba ya kashe ƙishi,
shi kika bar mu kika bi?"
Ta sha ba mu labarin nan tana dariya
har tabarau ya zamo mata kan hanci.

Ni daga ajin lissafi ta tsamo ni,
ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin Gidimuni ba.
Ranar farko cikin kwalekwale sau uku na yi amai.
Ba ta ce sannu ba.
Citta ta miƙo mini, da fensir:
"Rubuta lokaci kafin ka rubuta lamba.
Lambar da ba ta da lokaci jita-jita ce."

Turaku ashirin muka kafa a gaɓa.
Duk tsayuwar wata mu ja igiyar awo
daga gindin turke zuwa bakin kumfa,
igiya kullum tana rage tsawo.
Teku ya ci rumfar mai suyar kifi,
ya ci rijiya, ya ci hanyar makaranta,
ya sa baki a makabartar masunta.
Suka zo da buhuna su kwashe kakanninsu.
Ran nan kaɗai na ga ta rufe littafi da tsakar aiki,
ta naɗe zane, ta kama bakin buhu.

Na sha bakwai shi ne nata,
ƙarƙashin wata kwakwa mai karkataccen wuya.
Can take cin ƙuli-ƙulin da ake aiko mata daga gida,
tana yi wa igiyar ruwa faɗa da Barbarci.

Da ciwo ya ƙi ji, ta ce a maida ta gida.
Kwana biyu mota na hawowa arewa,
iska na bushewa, ita ma haka.
Na same ta a soro, a Zango, hannu kamar kara.
Ta ce: "Sha bakwai fa?"
Na ce yana nan daram.
Alhali tun damina teku ya tafi da shi, har da kwakwar.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Ƙarfe nawa ka gan shi?"
Na sunkuyar da kai.
Ta ce: "To, je ka rubuta."

Masu haƙa sun ci karo da dutse,
sai da suka sake diga.
Na ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe mini:
nan dai babu ruwan da zai zo ya tashe ta.

Gadona kwalba ce, ruwan teku, da kwanan wata a jiki.
Murfin bai kama ba.
Zafin bazara biyu ya shanye shi sarai,
ya bar farin zobe a gindi.
Wani lokaci nakan taɓa da yatsa in kai harshe.

Allah ya jiƙan ki, Malama, ya sa kin huta.
Ga jarkata ta cika har tana zuba a ƙafata,
maƙwabciya na ta tsaki a bayana.
Na duba agogo: uku da minti arba'in da ɗaya.
Na rubuta a tafin hannu
kafin in ɗaga.