Rahoton Wata Tara

Takarda ta iso daga Kumasi ranar Laraba,
gurabe uku gare ta, kowanne da bakinsa a buɗe:
nawa suka ji, nawa suka karɓa, nawa aka yi wa baftisma.
Na zauna gindin darbejiya a Tudun Wada,
biro a hannu,
kamar wanda aka miƙa wa rariya aka ce ya auno ruwa.

Fasto Ofori, a wane gurbi zan sa Tanimu?

Tanimu mai faci, na bakin titin Gyallesu,
wanda ya ji Hausata ta zango ya riƙe ciki don dariya,
ya ce, "Mutumin Gwanja, ka zo babu goro,
kuma ka bar rabin harshenka a mota."
Tun ranar yake gyara mini magana
yadda yake gyara tayar keke:
ya tsoma ta a ruwa, ya ga inda take yoyo.

In an kira la'asar, ni ke jiran rumfarsa.
Na iya bugun famfo yanzu,
na san kuɗin faci ɗaya, na san mai cin bashi.
Wa'azin da na haddace a jirgi
yana nan cikin jaka, tare da rigar sanyin da ban sa ba.

Sai daren nan na Agusta,
ruwa kamar da bakin ƙwarya, Kubanni ta cika ta batse,
aka buga ƙofata.
Hajo ce, matarsa, naƙuda ta zo da gardama.
Muka kama hanyar Shika a motar aro mai fitila ɗaya.
Likita ya fito ya ce jini,
na Tanimu bai dace ba, na ƙanensa bai dace ba.
Nawa, na baƙo, ya dace.

A barandar asibiti, auduga a gwiwar hannuna,
ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce,
"Kwabina, don me?"
Wata tara ina jiran wannan tambaya,
da ta zo, sai bakina ya yi nauyi.
Na ce, "Akwai wanda ya riga ni.
Yesu ya ba da nasa domina, ban biya ko kwabo ba."
Bai ce i ba, bai ce a'a ba.
Ya dafa kafaɗata,
ya tashi neman buta, don asuba ta yi.

Kada in ɓoye maka sauran, Fasto.
Da zazzaɓi ya kayar da ni bayan sati uku,
tsohuwarsa ce ta aiko da kunun tsamiya
kwana goma sha ɗaya, ba fashi,
shi kuma ya kwana a tabarma bakin gadona
yana korar sauro da hularsa.
A daren nan na rasa gane
wane ne aka aiko wurin wane.

Ran Lahadi in zan tafi sujada Wusasa,
can inda Kufena ke zaune kamar dattijon da ya ga jiya,
yakan taɓa tayata, ya ƙara mata iska,
in miƙa kuɗi ya harare ni.
"Ka dai sa mu a addu'a," in ji shi.
Ina sa su. Da suna, ɗaya bayan ɗaya.

To, ga rahotonka.
Gurbi na farko na rubuta: ban ƙirga ba.
Na biyu: Allah ya sani.
Na uku na bar shi fari.

Amma juya bayan takardar.
Yarinyar sunanta Safiya, ana ce mata 'Yar Gwanja.
Jiya na ɗauke ta, ta kama yatsana da hannu duka,
ta ƙi saki.
Ku ƙara mini shekara.
In da hali, ku aiko da goro.