Rufe Sunan da Yatsa

Bayan isha'i, a wani ɗaki cikin unguwar Zariya,
mu tara ne kan benci biyu, autanmu ma ya fara furfura.
Mushe Ma'azu ya goge allo da hannun riga,
ya ja sanda guda a tsaye, ya ce sunanta I.
"Ai?" in ji Tsahiru mai tireda. "Ai mi?"
Mushe ya ce, "Ka ga ka faɗi ta biyun: me."
Muka kwashe da dariya har mai gadi ya leƙo.

Ni aya nake kaiwa Jibiya, shekara goma sha bakwai.
Faransancin lakwal yakan raka ni Ɗan Isa ya juyo,
daga can takardu da wani baki suke magana.
Abin da ya zaunar da ni kan bencin nan ke nan.

Mai aikatawa, in ji Mushe, shi ne bijimi,
gaban amalanke yake.
Wanda aikin ya faɗa wa, buhu ne, yana baya.
He da him. We da us.
Na gan shi, ya gan ni:
ashe mu ma muna da na, muna da ni,
ban taɓa lura ba, kamar mutum da ƙeyarsa.
Sai dai she, wadda kunnena ke ji shi,
wai mace ce. Wannan na bar ta sai na huta.

Wuyar tana wurin mutum biyu.
Ya ce kowa ya rubuta sunan abokin tafiyarsa,
ya sa and, ya bar gurbi.
Hannuna bai shawarce ni ba, ya rubuta Nomau.

"In kun rikice," in ji shi, "dabara guda ce.
Ku rufe sunan da babban yatsa,
ku karanta abin da ya saura.
Wadda ta iya tsayuwa ita kaɗai, ita ce."

Na ɗora yatsa.
Haruffa biyar suka shige ƙarƙashin farce,
har da gefen motar da yake zama,
da goron da yake rabawa biyu ya miƙo mini babban ɓari.
Zazzaɓin kwana huɗu, daminar bara.
Sandar nan ta saura a takarda,
siririya, ba abin jingina.

"Daidai ne," in ji Mushe, ya sa jan biro.

Na ce, "Mushe, ya bar ni, he ke nan a gaba.
To in ba shi ya aikata ba fa?
In mu duka biyu buhuna ne?"
Ya daɗe yana kallon allin hannunsa.
Ya ce wannan darasin sai watan gobe.

Na fito, kabu-kabu uku suka yi mini oda, na ƙi.
A ƙafa na gangara Bagalam,
yatsana da shuɗin tawada
bai goge ba har asuba.