Takobi a Jifa Ɗaya

Daren Laraba a Sheffield, ruwa na ta tsiyaya,
mu huɗu a saman shagon Gethin mai gyaran keke,
taswira a shimfiɗe, kofunan shayi sun danne gefenta.
Ni ne maƙeri a wasan.
Littafin doka ya ce: jefa ɗan ludo mai fuska ashirin,
in ya haura sha biyu, takobinka ya ƙeru.

Na jefa. Sha biyar.
Shi ke nan? Ko gumi ban yi ba.

Ni da na tashi a gindin zugazugin kakana Barmo,
na san gawayin ƙirya daban yake da na kowane ice,
na san akwai ranar da ƙarfe ke ƙin jin magana,
na ga tartsatsi ya huda riga,
fartanya guda ta cinye yini.
Sai na ce a ba ni mako biyu.

Na dawo da shafi tara, rubutun hannu:
nauyin tama, kuɗin gawayi, zafin wuta daki-daki,
jifa don zuga, jifa don dukan masaba,
jifa don tsoma ƙarfe a ruwa kada ya tsage.

Ƙarfe goma ta buga, nawa ƙarfen bai yi ja ba.
Oonagh ta zaro saƙarta daga jaka.
Pritam na lissafi a bayan rasit, ya ɓata, ya sake.
Dodon da muka bari a bakin kogo tun bakwai,
Gethin ya rantse ya ji hammarsa.
Aka tashi, ba a kashe kowa ba, ba a ceci kowa ba.

A bas ɗin ƙarshe na tuna
manomin da ke zuwa wurin Barmo.
Bai taɓa tambayar gawayi nawa wuta ta ci ba.
Ya taɓa kaifin da babban yatsa, ya biya, ya nufi gona.

Yanzu jifa ɗaya nake yi, yadda littafin ya ce.
Sai dai kafin ɗan ludon ya bar tafina
sukan ba ni numfashi uku
in faɗa musu launin ƙarfen:
ja wur kamar barkono, sannan ruwan goro.

Ran nan Oonagh ta ajiye saƙa,
ta ce, "To, in ya tsage fa?"
Na ce mata shafi na bakwai na nan cikin jakata.