Layi na Biyu

A asibitin dabbobi na Kaltungo
Malam Yila ya miƙo mini kati mai ruwan ganye.
Na rubuta suna: Ƙyale-su.
Ya ce, "Ƙyale-su huɗu gare ni a littafin nan.
Ka ƙara masa wani abu a baya,
kada in tsira wa na wani allura sau biyu."

Na dawo gida, kati a aljihu, kare a igiya.

Rifkatu ta ce, "Da sauƙi, Baba,
a sa masa namu, Ƙyale-su Tela."
Uwata ta jingine tsintsiya.
Ta ce mijinta ya taka keken ɗinki shekara arba'in,
gwiwarsa ta riga shi mutuwa,
ba don a rataya sunan
a wuyan mai lasar tukunya ba.

Na ce to, gari fa? Mutane suna yi.
Ƙyale-su Kumo. Ƙyale-su Billiri.
Sai na tuna surukina ɗan Billiri ne,
kuma Kirsimeti saura mako uku.

Maigadi?
Da aka kwashe mana kaji biyar
shi ne ƙarshen farkawa.
Mafarauci? Ƙadangare ya taɓa koro shi har ɗaki.
Na ubansa kuwa, ko uwarsa ba za ta rantse ba.

Da dare ina zaune a kan turmi,
ya zo ya ɗora haɓa a ƙafata,
sai ranar ta dawo mini:
bayan injin niƙa na Kauna,
wani ɗan abu yana rawar sanyi cikin tsumman buhu,
fari fat, kamar an fito da shi daga kwarya.
Sai da muka wanke shi
muka ga ashe baƙi ne.
Garin dawa ne ya yi masa riga.

Na ce, mai gari.
Na sake faɗa, a haɗe.

Uwata daga ɗaki ta ce,
"Kada dai na gaske ya ji."
Amma na jiyo dariya a ƙasan muryarta.

Washegari Malam Yila ya gyara tabarau,
ya rubuta Ƙyale-su Maigari,
ya ɗan rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, juyo da cinya."

Yau wata shida ke nan.
Bai taɓa amsa na farko ba,
bai taɓa amsa na biyu ba.
Murfin tukunya kaɗai yake amsawa.