Ƙwarya Tara

Ranar Asabar da hantsi, kafin ranar Garwa ta fara cizo,
nakan share ƙarƙashin dalbejiya
a bayan ɗakin shan magani na Yelwa,
in shimfiɗa tabarmi uku, ɗaya wuta ta lashe mata gefe,
in kife ƙwarya tara.
Ta goman ta fashe ran da Bappa ya zaci kujera ce.

Ba ni da allo, ba ni da bulala.
Ina da gwangwanayen madara cike da tsakuwar Binuwai,
da murfin tukunya biyu da Inna Dudu ta ara mini tun bara.
Ba ta tambaya ba, ban mayar ba.

Suna zuwa a goye, suna zuwa a kan tankin babur,
wani da majina, wani da rabin ƙosai a hannu.
Asta ta gaishe ni da Fulatanci,
Pabame ya amsa mata da yaren kakarsa ta Lere,
'yan biyun Gambo su yi ta faɗa da Hausa
a kan gwangwani ɗaya, ga shida a ajiye.
Harshe huɗu, tabarma uku.
Sai in ɗaga hannu in tafa.
Tafi dai kowa ya iya shi tun daga bayan uwarsa.

Iyaye mata sukan zauna can nesa, suna gyara mayafi,
kamar masu jiran allura.
Nakan ce, ku matso, yau ba rigakafi,
wanda bai ga uwarsa ta yi wauta ba, ba zai saki jiki ba.
Malam Sadu kuwa yana jingine da katanga,
wai shi fasinja yake jira.
Na gan ka, Malam. Na ga yatsunka a kan hular kwano,
ba su taɓa saɓa mana ko sau ɗaya ba.

Akwai Uwani.
Shekara huɗu. Sanƙarau ya zo da bazara, ya bar ta, ya tafi da jinta.
Uwarta ta kawo ta ne don babu wanda za ta bar wa,
ta faɗa mini haka tana kallon ƙasa.
Mako uku yarinyar tana zaune a bakin tabarma
tana kallon bakunanmu suna buɗewa suna rufewa
kamar kifayen da aka zube a bakin gada.

Yau na ɗauki tafin hannunta na ɗora a bayan ƙwarya,
na buga.
Ta fizge, kamar ta taɓa tukunya a kan murhu.
Ta dube ni. Ta dubi ƙwaryar.
Ta mayar da hannun da kanta.
Na buga. Ta kwantar da kunci.
Na buga biyu, na tsaya,
na bar gurbin na uku a buɗe,
gurbin da Bappa yake faɗawa da wuri, Asta take zuwa a makare.

Dum.

Daidai wurin.

Uwarta ta cusa bakin mayafi a baki.
Inna Dudu ta rangaɗa guɗa har malamin jinya ya leƙo ta taga.
Uwani ba ta ji guɗar ba,
harshen tsohuwa ta gani yana rawa a bakin da ba haƙori,
ta tuntsire da dariya.

Da azahar ta matso na buɗe gwangwanin kuɗi:
dala ashirin-ashirin, ƙullin gyaɗa, da Allah ya saka da yawa.
Na naɗe tabarmi, na ƙirga ƙwarya.
Takwas.
Can na hango ta taran a bayan babur ɗin Malam Sadu,
a ƙarƙashin hammatar Uwani, sun nufi hanyar kasuwa.

Na buɗe baki zan yi kira,
na rufe.
Asabar mai zuwa 'yan biyun Gambo sai su haɗa ɗaya.