Littafin Eladio

Kilomita dubu ɗari biyu da sittin ta ci
kafin ta zo hannuna.
Ja ce, mai ƙofa biyu, a durƙushe kamar kyanwa ta hango ɓera,
kujerar direba ta lotsa da siffar wani mutum
da ban taɓa gani ba.

Herminia ta miƙo mini makulli a ƙofar gidanta a Mieres,
ruwa na tsiyaya daga indararo.
Ba ta ja ciniki ba.
Ta ce, akwai littafi a aljihun gaba, kar ki yar.

Daren nan na buɗe shi a gareji.
Rubutun Eladio, ƙanana, a jere kamar sahun tururuwa:
Baƙin mai, duk dubu biyar, ko ta nema ko ba ta nema ba.
Ruwan birki, duk shekara biyu, yana shan danshi a ɓoye.
Tiyon lagireto ya yi laushi, na canza tun bai tsage ba.
Janairu: an watsa gishiri a hanyar Pajares,
na wanke mata ciki da ruwan ɗumi,
tsatsa ba ta sallama in za ta shigo.

A shafi na arba'in layin ya fara karkata,
haruffan suna rawar ɗari.
Filogi huɗu. Awa uku na ɗauka. Da can minti ashirin ne.
Sai wani hannu daban, mai zagayayyen rubutu:
Belin injin, Baudilio ya canza.
Eladio na kujera yana kallo, ya ce a ɗaure a hankali.
Daga nan farar takarda.

Na nemo Baudilion.
Ya kafa sukudireba a jikin injin, ya ɗora kunne a ƙotar,
ya daɗe, kamar likita a ƙirjin tsoho.
Ya ce, belin nan shekararsa bakwai.
Na ce, ai ba ta yi tafiya ba, a ajiye take.
Ya ce, roba ba ta ƙirga kilomita, kwanaki take ƙirgawa,
ranar da ya tsinke kuwa, injin ne zai cinye kansa.
Kuɗin hutuna na bakin teku suka tafi a nan.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu duk daren Juma'a ina shimfiɗa mata kwali a ƙasa,
da safe in duƙa in karanta abin da ta ɗiga.
Ɗigo ɗaya, girman kwabo. Ina sa masa ido.
In zaro sandar awon mai, in goge, in mayar, in sake zarowa:
launin zuma, alheri.
Ƙanena yana dariya,
wai na sayi motar gudu amma na fi daɗewa a ƙarƙashinta.

Jiya na bar ta ta ɗumama har allura ta kai tsakiya
kafin na taka totur.
Ta hau dutsen, kwana bayan kwana, ba tari, ba gardama.
A can sama, cikin hazo, na ciro biro,
na rubuta kwanan wata a ƙarƙashin rubutun Herminia:
Tayoyin baya sun fara cinyewa ta ciki. A duba.

Da na sauko na bi ta layinsu a giya ta biyu.
Ban yi oda ba.
Labule ya motsa tun kafin in kai ƙofar.